Ɗangiwa da Dodon Kogi

A Tungar Marke, wani ɗan ƙauye da ke gefen hanyar da ta taso daga Tambuwal ta nufi Kebbe, akwai wani mutum ana ce masa Ɗangiwa. Sunan ne kawai na giwa. Mutumin ɗan firit ne, in ya hau babur sai ya karkace kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Shi ke da injin niƙa na garin, shekara goma sha tara yana tsaye a gindinsa, har ƙarar ta cinye masa rabin ji. Shi bai yarda ba. In ka ce bai ji ka ba, sai ya ce kai ne ba ka iya buɗe baki ba.

Babban abin taƙamarsa shi ne ya taɓa zuwa cirani Kano, ya yi wata uku yana tura baro. Tun daga nan ya naɗa kansa tafintan gari. In rediyo ta yi magana, kowa ya ji, kowa ya gane, amma sai Ɗangiwa ya ɗaga hannu ya ce a dakata ya fassara.

A shekarar da abin ya faru, Sarkin Ruwan garin ya rasu da damina, mai gari kuma ya ce sai an gama kaka zai naɗa wani. Kowa ya san Na'iya za a ba, masunci ne tun kakanni, mutum mai shiru, shi ya san kowane rami na Tafkin Marke. Ɗangiwa kuwa ya ƙwallafa ransa a kan rawanin nan. Bai iya iyo ba, ko a kwalbati bai taɓa kama tarwaɗa ba, amma ya ce sarauta ai ta kai ce, ba ta ƙafa ba.

Ana cikin haka sai yaran gari suka fara fitsarin jini, ba ɗaya ba, ba goma ba. Wasu tsofaffi suka ce zafin rana ne, wasu suka ce alamar yaro ya zama namiji ne, har sai da abin ya kama 'yan mata, aka rasa ta cewa. Sai ga wata ma'aikaciyar lafiya, Malama Saudat, an kawo ta a babur da lasifikarta. Ta yi karatu a gabas, Hausarta irin ta rediyo ce tsaf. Aka taru a ƙofar mai gari. Ta ce ciwon nan tsargiya ne, a tafki ake ɗaukarsa, kuma mai rainon tsutsar da ke kawo shi shi ne dodon koɗi. Lasifikar tana ta shaƙewa tana tari. Mutanen Tungar Marke kuwa katantanwa suka sani, ba su saba jin wannan sunan ba. Malama ta zagaya wajen mata ta nuna musu hoto, ta ce a hana yara wanka da fitsari a ruwan, za ta dawo da magani bayan kaka in an kawo kason yankin. Ta hau babur ta wuce Fakku.

Tana ba da baya maza suka fara tambayar juna, dodon me ta ce? Ɗangiwa ya gyara hula ya fito tsakiya.

"Dodon kogi tac ce. Kogi, a Hausar Kano, shi na gulbi. Dodo kuwa ko jariri ya san shi. Abin da nika gaya maku, akwai dodo cikin tafkin ga, shi ka shan jinin ɗiyanmu, abin da yar rage shi ka fita ga fitsari."

Wani ya tuna an taɓa rasa tunkiya a bakin tafkin. Wani ya ce shi dama ya sha jin gurnani da hantsi. Na'iya ya ce shekararsa arba'in cikin ruwan nan bai taɓa cin karo da abin da ya fi kifin giwan ruwa ba, Ɗangiwa ya ce ai dodo ba ya nuna kansa ga wanda bai je Kano ba. Daga nan ya durƙusa gaban mai gari, ya ce ranka shi daɗe, in ya fito da dodon nan a gaban jama'a ranar da Malama za ta dawo, me za a yi masa? Mai gari tsoho ne mai son nishaɗi. Ya ce duk wanda ya raba garin da abin da ke cutar yara, rawanin Sarkin Ruwa nasa ne.

Da ya koma gida ya tarar da matarsa Bara'atu tana tankaɗe. Shekararsu talatin da biyu tare, ta san shi kamar yadda ta san tukunyarta. Ta saurari jawabin har ƙarshe, sannan ta ce masa katantanwa ce. Ta ga hoton da idonta, 'yar mitsitsiya, ba ta kai ƙwayar gujiya ba.

Ɗangiwa ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya nuna mata kalandar da ke bango, ya ce ga masallacin Makka nan bai wuce tafin hannu ba, shi ma ɗan mitsitsi ne? Takarda ce ƙarama.

"Baban Hafiza," in ji ta, "kai da ruwan wanka ma sai na sirka maka."

Ya ce mace ba ta san sha'anin sarauta ba. Ta ce haka ne, ta ci gaba da tankaɗenta.

Ranar kasuwar Tambuwal ya je ya dawo da mashi, da igiya mai kauri, da tsohon tub na tayar mota, da buhun barkono. Ya sa aka ɗaure kayan a bayan babur yadda mashin zai leƙo ta gefe, kowa ya gani. Kafin su iso gida mashin ya yage rumfar mai shayi a Jabo, ya kuma tsinko kazar mutane da ba a san mai ita ba.

Dabara ta farko ita ce tarko. Ya ce dodo ba ya ƙin nama, saboda haka ya jira Bara'atu ta tafi barkar suna, ya kwance akuyarta ya kai bakin tafki ya ɗaure. Shi kuma ya shiga cikin ciyawar ruwa har gwiwa, ya tsuguna da mashinsa. Tun hantsi yake nan. Da rana ta take, furar da ya sha ta fara aiki, ya fito ya jingina da bishiyar marke don ya huta ido ɗaya. Akuya ta ci igiya, ta ci gaba da ci har cikin fadamar Na'iya, inda ya yafa irin albasa. Ba ta bar ko ganye ɗaya na shaida ba. Na'iya ya jawo ta har gindin marke ya tashe shi. Ɗangiwa ya dubi guntuwar igiya, ya kaɗa kai, ya ce kun gani ko, dodo ya taso, tsoro ne ya sa dabba ta tsinke. Na'iya ya tambaye shi ko tsoron ne kuma ya sa ta cinye kwami bakwai na irin albasarsa. Kwana uku nonon akuyar nan yana warin albasa, kwana uku kuma Bara'atu tana dama masa fura da shi.

Dabara ta biyu barkono. Ya ce in ruwa ya yi yaji dole dodo ya leƙo ya sha iska, shi kuma yana nan da mashi. Ya juye buhun nan kaf a injinsa ya niƙe. Bai wanke injin ba, don a lissafinsa barkono abu ne mai wucewa. Mata suka kawo gero da dawa kamar kullum, ya niƙa musu. Da magariba garin ya kaure da tari. Tuwon kowane gida ya fi miyarsa yaji. Kokon safe ya sa liman ya yi limanci yana hawaye, mamu suka ɗauka tsoron Allah ne suka taya shi. Washegari mata goma sha biyu suka yi masa layi da ƙwaryarsu, kowace da abin da za ta faɗa, kuma babu wadda ta jira wata ta gama. A ranar ne kaɗai Ɗangiwa ya amsa cewa kunnensa ba ya ji sosai.

Bai fasa ba. Ya ɗauki garin barkonon ya tafi tafki da 'yan kallo a bayansa, ya hau wani tudu, ya yi kirari, ya watsa. Bai duba inda iska take kaɗawa ba. Rabin buhu ya dawo masa a fuska, sauran ya bi 'yan kallo. Aka watse ana atishawa, wani na karo da wani. Shi kuwa ya faɗa ruwa da kansa don ya wanke ido, ya daɗe a ciki yana birgima. Da ya fito, idanunsa kamar gauta, ya ce ya ji motsin abin a ƙarƙashin ƙafarsa.

Da yamma jikinsa ya fara ƙaiƙayi, ƙafafu da cinyoyi duk suka yi ƙuraje ƙanana. Wani zai tsorata. Ɗangiwa ya naɗe wando ya zauna a ƙofar masallaci yana nuna wa mutane. Ya ce dafin numfashin dodo ne, shi kaɗai ya kusance shi har haka, Na'iya ya nuna nasa in yana da shi. Abin ya burge samari uku, suka ce gobe da su za a shiga. Bara'atu ta ji, ta yafa mayafi ta bi gidajen iyayensu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce mijinta nata ne, ta saba da kayanta, amma kada wanda ya bari ɗansa ya bi shi cikin ruwan nan. Autarsu Hafiza kuwa ta kafa mata doka, rijiya kawai, ko da layin ya kai gobe.

Saboda haka dabara ta uku shi kaɗai ya yi ta. Ya hura tub, ya zura kansa ciki har hammata, ya riƙe mashi, ya sa aka tura shi. Iska ta ɗauke shi a hankali tana juya shi kamar faifai, in ya fuskanci jama'a ya ɗaga mashi, in ya juya baya ya yi salati. Da ya kai tsakiya wani kifi ya goge shi a ƙafa. Ya kai sara da dukkan ƙarfinsa, ya soke tub. Ƙarar fitar iskar ta sa na bakin ruwa suka ja da baya. Ɗangiwa ya shiga dukan ruwa yana kiran Bara'atu, yana yafe wa waɗanda bai taɓa yafe wa ba, yana cewa a ba Hafiza injin. Na'iya yana cikin kwalekwalensa a gefe yana gyaran koma. Ya bari ya gama wasiyya, sannan ya ce masa:

"Ɗangiwa, miƙe tsaye."

Ya miƙe. Ruwan iyakarsa cibiya.

Ya tako ya fito a hankali, da mataccen tub a wuya, ya ce dama gwada zurfin wurin yake yi. Abin da bai faɗa ba shi ne, cikin firgitar nan ya saki fitsari a ruwan mutane. Bara'atu kuwa da ta ji labarin a rijiya ba ta buƙaci a gaya mata wannan ba. Ta ce masa to madalla, yanzu ya ciyar da dodon da hannunsa.

Haka aka yi ta yi har aka yanke gero, aka kai dawa rumbu. Kusan kullum yana cikin ruwa. Ya rame, ya fara yawan zagayawa bayan gida, in ya fito fuskarsa a yamutse. Wata safiya Bara'atu ta ga ja a ƙasan makewayi. Ya ce zoɓo ya sha. Ta ce rabon gidan nan da zoɓo tun Sallah. Ya ce a Kebbe ya sha, zoɓon Kebbe yana daɗewa a jiki. Ta dube shi, tausayi ya kama ta, haushi ma ya kama ta, ta rasa wanda za ta fara da shi. Ta ƙara masa tuwo.

Aka aiko cewa Malama Saudat za ta zo ran Talata. Ran Litinin da la'asar Ɗangiwa ya zagaya ta bayan tafki, wajen da ciyawa ta fi duhu, sai ya ji huci. Ya leƙa. Wani baƙin tudu yana motsi a cikin laka, da ƙaho biyu. Bai tsaya ƙarin bayani ba, ya zuba a guje har gida, takalmi ɗaya a ƙafa. Da numfashinsa ya dawo ya aika wa mai kalangu, ya aika wa mai gari cewa gobe a zo da rawani a wanke.

Talata da hantsi garin kaf yana bakin tafki. An shimfiɗa wa mai gari darduma a gindin marke. Malama Saudat ta iso da kwalayen magani da wata doguwar sanda mai zane-zane, ta tarar ba kowa a ƙofar fada, aka nuna mata hanya ta biyo kiɗa. Ta tambayi wata mata bikin me ake yi, matar ta ce ai dodonki za a fitar.

Ɗangiwa ya fito da warki a kan wando, da layu har gwiwar hannu. Ya yi zarge a bakin igiya, ɗaya bakin ya ɗaura a ƙugunsa, don kada a ce wani ne ya kama. Ya shiga ciyawa yana sanɗa. Hucin yana nan. Ya rufe ido ya jefa, kuma ikon Allah, karon farko a rayuwarsa jifa ta yi daidai.

Abin ya miƙe. Ruwa da laka suka zubo daga bayansa, ya yi wani irin kuka, mata suka kwashi yara. Sai ga bijimi baƙi ƙato, da igiya a ƙaho, ya fito a sukwane, Ɗangiwa na biye da shi a kwance. Ya ja shi ta cikin laka, ya ja shi ta sabuwar albasar Na'iya, ya ratsa tsakiyar taro. Mai kalangu ya haye marke da kalangunsa. Mai gari, da aka ce gwiwa ta hana shi sallah a tsaye, ya riga kowa kaiwa tudu. Ɗangiwa yana wucewa yana cewa a riƙe, a riƙe, ya kama shi.

Wani Bafillace mai suna Mu'awiyya, wanda suka sauka da shanunsu a bayan gari tun satin da ya wuce, ya fito daga cikin kara yana tafiyarsa a natse. Ya yi wani ɗan fito sau ɗaya. Bijimi ya tsaya cak, ya zo yana shinshinar hannunsa. Mu'awiyya ya dubi abin da ke ƙarshen igiya, ya ce kwana biyu yana neman sansa, ashe kaɗo ne, wato Bahaushe, ya tafi kamun kifi da shi. Ɗangiwa ya tofar da laka ya ce ya kamata a bincika, don dodo yana rikiɗa. Mu'awiyya ya ce in haka ne wannan ya daɗe da rikiɗa, don shi ya karɓi haihuwarsa.

Malama Saudat ta matso, tana ta ƙoƙarin riƙe fuskarta. Aka ba ta labari daga farko, mutum biyar a lokaci guda. Ta durƙusa kusa da Ɗangiwa, ta ce Baba sannu, ta sa yatsu biyu a naɗin wandonsa ta ciro wani abu, ta ɗora a tafin hannunta ta ɗaga.

"Ga shi nan. Dodon koɗi. Ko-ɗi."

Mutane suka matso suna leƙe. Wata tsohuwa ta ce, yo wannan ai katantanwa ta. Sai dariya ta fashe. Har Na'iya, da ba a taɓa ganin haƙoransa ba, sai da ya zauna a ƙasa. Ɗangiwa ya ƙura wa abin ido. Ya ce wannan ɗan ne, uwar tana ciki.

Malama ta ajiye lasifika ta yi bayani da bakinta, a hankali. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya fita ya ƙyanƙyashe, ya shiga katantanwa ya girma, ya fito ya huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, ko wanka ko wanki ko kamun dodo. Ta tambaya wa ya fi kowa shiga tafkin nan bana. Kowa ya juya kai ya dubi Ɗangiwa. Ta tambaye shi ko ya ga jini. Ya buɗe baki zai ce zoɓo, Bara'atu ta riga shi daga cikin mata, ta ce sati biyu ke nan, Malama, kuma a fara da shi.

Sandar nan mai zane ashe ta awo ce, da tsawon mutum ake sanin ƙwaya nawa zai sha. Aka jera yara, aka sa Ɗangiwa a gaba, laka tana bushewa a jikinsa tana faɗuwa. Da ya fahimci dogo ya fi samun ƙwaya sai ya yi ɗage. Bara'atu ta zo ta dafa kafaɗarsa ta mayar da shi ƙasa. Ya tashi da uku, daidai da wata 'yar aji shida da ke bayansa. Ta buɗe ƙwaryar fura da ta zo da ita, don an ce ba a sha da yunwa, ta riƙe masa har ya shanye, ta goge masa laka a kunne da bakin mayafinta.

Mai gari ya dawo kan dardumarsa ya gyara zama. Ya kira Na'iya, aka naɗa masa rawanin Sarkin Ruwa a nan take. Ɗangiwa ya sunkuyar da kai, wannan karon ba shi da fassara. Tsohon ya dube shi, ya ga yadda wuyansa ya yi laushi, sai ya ce ai aiki bai ƙare ba. Ana son mutum mai murya da zai riƙa zama a bakin tafki yana korar yara daga wanka da fitsari, kuma duk garin ba wanda ya san dodon nan ciki da waje kamar Ɗangiwa. Wani daga baya ya ce Sarkin Koɗi ke nan. Aka sake kwashewa da dariya.

Ɗangiwa ya ɗago. Ya tambaya, ranka shi daɗe, sarautar da rawani take? Mai gari ya ce da sanda take. Ya yi ɗan tunani, ya ce ya karɓa, don in an duba da kyau Na'iya kifi kawai aka ba shi, kifi kuwa bai taɓa kwantar da kowa ba, shi aka ba mai haɗarin.

Fitsarinsa ya washe kafin wata ya zagayo, na yara ma haka. Yana nan kullum bayan ya kashe inji, a gindin marke da sandarsa, yaro ko kusa da ruwa ya taka sai an ji muryarsa a Fakku. In hanya ta bi da ku ta wajen, ku tsaya ku gaishe shi, yana son baƙi. Sai dai kada ku tambaye shi girman dodon da ya kama, don bara ya kai tunkiya, bana kuma an ce ya fara ƙaho.